Ƙafafun sola da rahoton kwamfuta: wa ya kamata ya yi lissafin, kuma da wace na'ura?

Alhaji Habu (Riyad): Assalamu alaikum. Injiniyoyinmu na wannan zaure, shawara nake nema. Ina kula da wata warsha a Sana'iyya, unguwar masana'antu, aikinmu ƙofofi da rumfunan mota, yanzu kuma mun shiga ƙera ƙafafun da ake ɗora farantan sola a kai. Wani kamfani zai ba mu rufin sito guda, faranti wajen ɗari huɗu, amma sun ce sai mun kawo rahoton gwajin kwamfuta da ke nuna iska ba za ta ɗauke su ba. Ofishin da na tambaya, kuɗin da suka yanka ya kusa cinye ribar. Ni angul na sani, walda na sani, kuma rumfunan da muka kafa suna nan tsaye. Wannan rahoto yana da amfani kuwa, ko hanya ce kawai ta korar ƙananan masu sana'a?

Injiniya Sani (Jubail): Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kamfanin nan bai zalunce ka ba. Rumfar mota a ƙasa take, gini ya kare ta ta gefe ɗaya ko biyu. Faranti a saman sito kuwa, a karkace, iska ta ƙarƙashinsa take shiga ta ɗaga shi. Mu masu ƙarfe mun saba tunanin nauyi yana danna ƙasa, nan kuma sama ake fizgar abin.

Ga ɗan lissafi. Iskar da ke gudun mita 40 a daƙiƙa tana dukan kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kusan kilo 100. Faranti ɗaya na zamani ya kai murabba'in mita biyu da rabi, nauyinsa kuwa kilo 30 ne ko kusa da haka. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. Sannan a bakin rufi da kusurwoyinsa fizgar ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ga guguwar ƙura ta shigo Riyad da la'asar ya san me nake nufi.

Amma fa kada a tsorata ka da sunan manhaja. Kundin dokokin gini na Saudiyya, sashen SBC 301, ya zayyana yadda ake lissafin nauyi da iska. Da shi ake farawa, da takarda da biro.

Bashir (Zahran): Injiniya, takarda da biro a wannan zamani? Baba Alhaji, turo mini zanen. Ina da Ansys, manhajar gwajin injiniya, a laptop, zan zana rufin gaba ɗaya, in saki iska a kai, ka ga inda ya yi ja da inda ya yi shuɗi. Kwana biyu ya ishe ni. A ƙasar da ke da manyan kwamfutoci irin Dammam-7 ta kamfanin Aramco da Shaheen ta jami'ar KAUST da ke Thuwal, ai bai dace mu tsaya kan tebur ɗin littafi ba.

Injiniya Sani (Jubail): Bashir, wane Ansys ne a laptop ɗin? Na ɗalibai ko na bayan fage?

Bashir (Zahran): Na ɗalibai yana da iyaka kan girman raga, ba zai ɗauki rufin ba. Ɗayan ne.

Maryam (Thuwal): Barkanku da dare. Tunda an ambaci Shaheen bari in sa baki, domin gwajin iska da ruwa a kwamfuta shi ne karatuna.

Baba Alhaji, abin da manhajar ke yi ba boyayye ba ne. Ana yanka ƙarfen, ko iskar da ke kewaye da ginin, zuwa ƙananan gidaje kamar raga, dubbai ko miliyoyi. A kowane gida kwamfuta tana warware lissafin da ke cewa in an tura nan, me zai faru da maƙwabcinsa. Ta maimaita har lambobin su daina canjawa. Launukan da Bashir ke magana a kai fenti ne da ake shafa wa lambobin a ƙarshe don ido ya gane.

Gwaji iri biyu ne a aikinka, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na ƙarfe, wato ko ƙafar za ta lanƙwashe ko ƙusar za ta tsinke, wannan laptop mai kyau tana gama shi kafin shayi ya huce. Na iska a kan dukan rufi shi ne mai wuya. Iskar da ke karyewa a kusurwar gini tana murɗawa, tana zuwa a fizge a fizge. Hanya mai arha matsakaicin ƙarfi take ba ka, alhali abin da ke ɗauke faranti fizga ɗaya ce ta 'yan daƙiƙoƙi. Hanyar da ke kama wannan fizgar tana son raga mai laushi sosai. In ka rage girman kowane gida zuwa rabi, yawan gidajen ninki takwas zai yi, saboda tsawo da faɗi da tsayi duk sun rabu biyu, sannan matakin lokaci ma sai ka rage shi, aikin ya koma ninki goma sha shida. Nan ne ake komawa ga manyan kwamfutoci.

Don haka Yaya Bashir, a kwana biyu za ka fitar da hoto, ban musa ba. Tambayar ita ce da me za ka auna shi ka san daidai ne.

Bashir (Zahran): To ai kin kawo hujjata da kanki. Matsalar ƙarfin na'ura ce. A ba ni Shaheen na awa ɗaya, magana ta ƙare.

Maryam (Thuwal): Ba ta ƙare ba. Shaheen II, ƙirar Cray da aka kafa a 2015, ta zo ta bakwai a duniya a TOP500, jerin kwamfutoci mafi sauri, na tsakiyar shekarar, da ƙwaƙwalwar sarrafawa kusan dubu ɗari biyu. Shaheen III ta shiga jerin a 2023. Amma babu wanda ake miƙa wa na'urar duka. Kana rubuta buƙata, a duba, a ware maka awoyi, ka tura aikinka ya shiga layi kamar na kowa.

Kuma yawan ƙwaƙwalwa ba ya nufin sauri kullum. Kamar gayya ce a gona: an raba wa kowa kunyarsa, amma a nan duk wanda ya yi sara ɗaya sai ya tsaya ya gaya wa na kusa da shi inda ya kai kafin ya sake ɗaga fartanya. In gonar ƙarama ce mutanen sun yi yawa, maganar ta fi noman yawa. Gene Amdahl ya nuna tun 1967 cewa in kashi goma cikin ɗari na aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaƙwalwa miliyan ka zuba ba za ka wuce ninki goma a sauri ba.

Dammam-7 kuwa an gina ta ne don hoton ƙarƙashin ƙasa na masu neman mai da iskar gas, inda bayanan kansu suke da yawan da ba ya shiga ƙaramar na'ura. Rufin Baba Alhaji ba wannan matsalar gare shi ba.

Injiniya Sani (Jubail): Allah ya yi miki albarka Maryam. Bashir, ga abin da nake so ka riƙe. A watan Agusta na 1991, gindin kankare na dandalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nutse a wani mashigin teku kusa da Stavanger a ƙasar Norway, ana cikin gwada shi kafin a ɗora masa saman. An yi masa gwajin kwamfuta da NASTRAN, manhajar da ta samo asali daga NASA. Ragar da aka yi a wata mahaɗar bango ba ta dace ba, lissafin ya rage ƙarfin da ke yankar bangon da kusan kashi 47 cikin ɗari, aka sa rodi bai isa ba. Asarar ta kai wajen dala miliyan 700. Manhajar lafiyarta lau, ƙwararru ne kuma suka yi aikin. Da aka zo sake ginawa sai da aka haɗa da lissafin hannu don a tabbatar.

Abin da ya fi ba ni tsoro a rahotannin da nake gani daga matasa shi ne yadda suke ɗaure gindin ƙafa a manhaja kamar an dasa ta cikin dutse. A zahiri kuwa ƙusa biyu ce a cikin kwanon rufi mai kaurin da bai kai milimita ɗaya ba. Hoton zai fito shuɗi, kowa ya yi murna, ranar iska kuma ƙafar ta tashi lafiya lau da farantinta da guntun kwanon a maƙale.

Alhaji Habu (Riyad): Wannan magana ta ƙusa gaskiya ce. Mu a warsha mun san ba tsakiyar ƙarfe ke fara mutuwa ba, bakin walda ne da ramin ƙusa. To in kwamfutar ma tana iya kuskure haka, me ya sa zan biya?

Injiniya Sani (Jubail): Domin abin da kake saya ba hoton ba ne, Alhaji. Sa hannu ne da hatimin ofishin da ke da lasisi, da injiniyan da ke da rajista a Majalisar Injiniyoyi ta Saudiyya, wanda in wani abu ya faru shi za a fara tambaya. Ko Bashir ya yi aiki mai kyau, kamfanin ba zai karɓi takarda babu hatimi ba. Abin da za mu iya yi maka shi ne mu rage wa ofishin aiki: ka je musu da zane cikakke, da lissafin farko, da ƙirar da aka riga aka tace. Ofishin da zai duba ya sa hannu ba zai caje ka kamar wanda zai fara daga farko ba. Kuma ka tambayi ofishi uku, kada ka tsaya kan ɗaya.

Usman ɗan Maiwurno (Jidda): Sallama gare ku. Ni a Khartoum na yi karatun injiniya, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya kawo ni nan. Ina so in ce wani abu kan manhajar bayan fage, don kada a yi wa Bashir taron dangi. Daga 1997 zuwa 2017 Sudan na ƙarƙashin takunkumin Amurka. Ko kana da kuɗin a hannu, sayen lasisin manhajar Amurka ta hanyar da ta dace ya kusa gagara. Mutane da yawa da na sani da kwafin da aka fasa suka koyi aikin, babu wata ƙofa. Ban ce daidai ne ba, na ce haka aka yi.

Amma wannan ƙuncin ya tura wasunmu ga manhajojin da kowa ke da izinin ɗauka. OpenFOAM na iska da ruwa, wanda aka saki kyauta tun 2004. Code_Aster na kamfanin lantarkin Faransa, EDF, wanda su da kansu suke duba tashoshinsu da shi. CalculiX, da Gmsh na yin raga, da ParaView na kallon sakamako, da FreeCAD na zane. Ƙafar sola ba ta fi ƙarfin CalculiX ba ko kaɗan. Wahalarsu ita ce ba sa riƙe maka hannu, dole ka san me kake rubutawa a kowane layi. Ni a wurina wannan alheri ne, domin wanda ya sha wannan wahalar ba ya yarda da launi sai ya ga lamba.

Akwai kuma batun kuɗi da ba a faɗa ba. Manhajojin kasuwa suna cajin ƙari gwargwadon yawan ƙwaƙwalwar da za ka kunna. Kana iya hayar babbar kwamfuta ta intanet da awa, kuɗin na'urar ya zo da sauƙi, lasisin ya fi shi tsada. OpenFOAM ba ruwansa, ƙwaƙwalwa huɗu ko dubu huɗu.

Malam Nasiru (Madina): Ni ba injiniya ba ne, amma tunda maganar ta taɓa halas da haram: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta. Halin da ɗan'uwa Usman ya bayyana, na wanda aka rufe wa ƙofar saye, malamai na iya duba shi daban. Amma wanda ke zaune a nan, ga na ɗalibai kyauta, ga lasisin jami'arsa, ga waɗannan da Usman ya lissafa, sannan aikin na kuɗi ne, ban ga uzuri ba. Ɗana Bashir, ka yi haƙuri da maganata.

Bashir (Zahran): Na ji Malam, Allah ya saka da alheri. Lasisin jami'a na karatu ne da bincike, bai halatta a yi kwangila da shi ba, don haka shi ma ya fita. Zan gwada CalculiX in Yaya Usman zai nuna mini hanya.

Amma ban janye kan babbar maganar ba. Kuna magana kamar gwajin kwamfuta abin zargi ne. Boeing 777 a kwamfuta aka zana shi kacokan da manhajar zane ta CATIA, ya fara ɗaukar fasinja a 1995. Synopsys ta sayi Ansys a kan kusan dala biliyan 35, Siemens ta sayi Altair, wani kamfanin irin wannan manhaja. Lucid ta buɗe masana'antar haɗa motoci a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah a 2023, ga Ceer, wani kamfanin motoci, na tafe. Waɗannan wuraren ba za su ɗauki mai biro kaɗai ba. In yaranmu Hausawa na nan ba su koyi wannan ba, za mu dawwama muna walda wasu na zane.

Alhaji Habu (Riyad): Waldar ma ba abin raini ba ce, yaro. Da ita na aurar da 'ya'ya.

Bashir (Zahran): Tuba nake Baba Alhaji, ba haka nake nufi ba. Nufina mai walda ya samu ɗansa a ɗakin zane, su haɗa hannu.

Maryam (Thuwal): A nan ina tare da Yaya Bashir, a koya, a kuma koya da gaske. Sai dai kamfanonin da ya ambata ba su daina fasa motoci a bango ba, ba su daina sa fiffike a ramin gwajin iska ba. Kwamfuta ta rage yawan samfurin da ake ƙerawa a lalata, ta ba ka damar gwada siffa hamsin ka zaɓi uku. Ukun nan kuma sai an taɓa su da hannu. Malam Nasiru, lemomin nan 250 na harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kuke shan inuwarsu kullum: kamfanin SL Rasch na Jamus ne ya tsara su, kowace ta haura mita 25 a faɗi, kuma an haɗa lissafin kwamfuta da gwajin iska na zahiri kafin a kafa su. Duk da haka aka sa musu na'urar auna iska, in ta yi ƙarfi ba a barin su a buɗe.

Usman ɗan Maiwurno (Jidda): Alhaji, da wane ƙarfe za ka yi? In alminiyom ne akwai abu uku. Taurinsa kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, zai lanƙwasa ninki uku a kauri ɗaya. Irin wanda aka fi sayarwa, in ka yi masa walda, wurin da wuta ta taɓa yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa, kuma manhaja ba za ta sani ba sai ka gaya mata. Na uku zafi: dogon layi na mita 30, tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar Yuli a kan rufi, in bambancin ya kai digiri 50, zai miƙe ya koma da kusan santimita uku da rabi. In ba ka bar masa wurin numfashi ba, ƙusoshin ne za su biya.

Alhaji Habu (Riyad): Baƙin ƙarfe ne mai galbanaiz, da noti za mu ɗaure, walda a gindi kawai. Rufin kuma ba kwano ba ne, dakin ne na kankare, an shimfiɗa masa abin hana yoyo, sun ce kada mu huda.

Injiniya Sani (Jubail): To ai da ka faɗi wannan tun farko, Alhaji, ya canja aikin. In ba a hudawa, nauyi ne zai riƙe ƙafafun, wato tubalan kankare. Tambaya ta zama biyu: tubali nawa a kowace ƙafa, na baki da na kusurwa sun fi na tsakiya, sannan shin dakin ɗin zai ɗauki wannan ƙarin nauyi? Ta biyun ba taka ba ce, ta mai ginin ce, ka nemi su ba ka a rubuce nauyin da rufin ya yarda da shi. Ka kuma rage karkatar farantan in sun amince, ka sa ƙarfen tare iska a bayan layi, ka ja baya daga bakin rufi, ka ɗaure layukan da juna don su yi aiki tare. Waɗannan kaɗai suna rage tubalan sosai.

Waldar gindi kuma, in an yi ta bayan galbanaiz ta ƙone rufin zinc ɗin a wurin. Ko a yi walda kafin a tsoma, ko a shafe wurin da fentin zinc.

Maryam (Thuwal): Kuma a nan gwajin iska mai sauƙi zai yi amfani, ba don ya ba da lambar ƙarshe ba, sai don kwatanta ƙira biyu: da ƙarfen tare iska da babu shi, karkata digiri 10 da digiri 20. Layi uku ko huɗu kusa da kusurwa sun isa, ba sai rufin duka ba. Raga mai gida miliyan biyu zuwa uku za ta shiga kwamfutar tebur mai ram giga 32. Yaya Bashir, in za ka yi, ka gudanar da shi da raga uku masu bambancin laushi. In amsar tana ta canjawa, ba ka iso ba tukuna. Ka turo mini fayilolin in duba.

Bashir (Zahran): Na yarda. Yaya Usman, yaushe kake da sarari?

Usman ɗan Maiwurno (Jidda): Juma'a bayan la'asar. Ka saukar da FreeCAD da Gmsh kafin nan. Za mu fara da sanda ɗaya da aka ɗaure a gefe guda aka rataya mata nauyi, wadda muka san amsarta a littafi, sannan mu taɓa ƙafar Alhaji.

Alhaji Habu (Riyad): Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Me zan turo?

Injiniya Sani (Jubail): Tsayin ginin daga ƙasa, tsawo da faɗin rufin, tsayin katangar bakin rufi in akwai, takardar bayanin farantin, kauri da girman ƙarfen, girman noti, da hoton abin da ke kewaye da siton, fili ne ko gine-gine. Sannan ka haɗa ƙafa ɗaya a warsha, ka kifar da ita, ka loda mata buhunan yashi a hankali har nauyin da zan ba ka, ka auna da tef nawa ta sauka a kowane mataki. Lambobin nan za mu ɗora kusa da na Bashir kafin ka koma ofishin.

Alhaji Habu (Riyad): Akwai katanga, ta kai gwiwa. Gabas fili ne har titi. Sauran zan sa yara su auna gobe in sha Allahu.